Yadda ake rayuwa da toshewar jijiyoyin jinin ƙafa idan ciwon ya yi nisa

Kawuna ya yi kusan shekara biyu yana ɓoye ciwon nan a cikin gaisuwa. Daga ƙofar gidansa zuwa masallacin Juma'a tafiyar minti 10 ce, amma sai ya tsaya wajen mai shayi, ya tsaya wajen mai faci, ya tsaya ƙofar shagon tela, ko'ina a yi doguwar gaisuwa har da tambayar yara ɗaya bayan ɗaya. Mu kuwa muna cewa Kawu akwai zumunci. Ashe sha-raɓarsa ce ke ɗaurewa, sai ya tsaya ta sake shi sannan ya iya ci gaba. Ba mu farga ba sai da na riƙa iske shi da asuba yana barci a kujera, ƙafa a ƙasa.

"Kawu, me ya hana ku kwanciya a gado?"

"Kai dai bari, ɗan nan. Ina miƙewa sai in ji kamar an zuba mini garwashi a yatsu."

Muka ce sanyi ne, muka sayo man zafi. Ba sanyi ba ne. Jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa ƙafa ne suka cushe da kitse, suka ƙanƙance kamar tsohon bututun ruwa da tsatsa ta cinye cikinsa. Manyan masu jawo haka su ne taba, ciwon suga, hawan jini, yawan kitse a jini, ciwon ƙoda da kuma shekaru. Kawu yana da uku daga ciki. Abin da ke biye shi ne abin da na koya a jinyarsa, a jere yadda ya kamata a bi shi, ba yadda muka bi shi da tuntuɓe ba.

Mataki na 1: San inda ciwon ya kai

Likitoci suna kasa ciwon gida huɗu, bisa tsarin da wani likitan tiyata ɗan Faransa, René Fontaine, ya fitar a 1954. A na farko jijiya ta fara cushewa amma ba a jin komai. A na biyu ƙafa tana ciwo idan an yi tafiya, galibi a sha-raɓa, wani lokaci a cinya ko ɗuwawu, ta daina cikin 'yan mintoci idan an tsaya. A na uku ciwon ba ya jiran tafiya, yana zuwa da dare a yatsu da gaban ƙafa, yana lafawa idan an sauke ƙafar ƙasa. A na huɗu akwai gyambon da ya ƙi warkewa, ko yatsa ya fara baƙi.

Wanda ke gida na uku ko na huɗu, ƙafarsa na cikin haɗari. Ciwon dare ko rauni da ya wuce mako 2 bai nuna alamar warkewa ba, zancen kemis ya ƙare, na asibiti ne a wannan makon.

Sai dai mai ciwon suga ya kiyayi tarko ɗaya. Suga yana kashe jijiyoyin da ke sa a ji zafi, don haka yana iya tsallake gida na biyu da na uku bai ji komai ba, sai dai a ga ciwo ya ɓulla. Rashin jin zafi a wajensa ba shaidar lafiya ba ce. A duba wasu alamun: ƙafa ɗaya ta fi ɗaya sanyi, gashin ƙauri ya zube, fata ta yi sheƙi, farce ya yi kauri.

Mataki na 2: A auna jinin ƙafar

Ka nemi likita ya cire wa maras lafiya takalmi da safa, ya laluba bugun jini a bayan ƙafa, a bayan idon sawu, a bayan gwiwa da matsematsi. Daga nan sai awon da ake kira ABI: a auna ƙarfin jini a idon sawu, a raba shi da na hannu. Sakamakon 0.9 ko ƙasa yana nuna akwai toshewa, ƙasa da 0.4 kuwa toshewar ta yi tsanani. Idan ya haura 1.4 kada a yi murna, alama ce jijiyar ta sandare ba ta matsuwa, abin da ake yawan gani a masu suga da ciwon ƙoda. Irinsu a babban yatsa ake yi musu awon.

Bayan wannan akwai hoton Dofla, irin na'urar da ake yi wa masu juna biyu hoton ciki, wanda ke nuna inda jini ke tsayawa. Idan ana tunanin aiki, sai a yi hoton jijiyoyi na CT da ruwan allura mai haska su. Ruwan nan yana iya wahalar da ƙoda, saboda haka a fara gwajin ƙoda, kuma a faɗa wa likita idan ana shan maganin suga na metformin.

Ba kowane asibiti ke da likitan tiyatar jijiyoyin jini ba. Ka roƙi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa tun da wuri. Ka sayi fayil guda ka riƙa tara duk sakamako da hotuna a ciki, domin kowane sabon likita daga nan zai fara.

Mataki na 3: A bar taba, duka

Ba ragewa ba. Sigari, shisha, taba gari, duk kanwar ja ce: suna matse jijiya, suna sa jini saurin daskarewa, kuma aikin da aka yi na buɗe hanya ya fi saurin sake toshewa a jikin mai shan taba. Kawu ya sha kara fiye da shekara 30, kuma faɗa bai taɓa raba shi da ita ba. Abin da ya yi aiki shi ne tsayar da rana guda, kwashe ashana da kwali daga ɗaki, da roƙon abokan hirarsa kada a kunna a gabansa. Akwai filastar nikotin da cingam ɗinta da magunguna masu rage ƙawa, a tambayi likita. Matashi mai shan taba da yatsunsa suka fara ciwo irin wannan, a bincika masa cutar Buerger, mai kumbura ƙananan jijiyoyin jini ta toshe su, wadda babban maganinta shi ne barin tabar.

Mataki na 4: Magunguna, da abin da kowanne ke yi

Zan rubuta sunayen yadda suke a jikin kwali don a gane su, amma likita ne mai zaɓa da tsayar da adadi.

Na farko mai hana jini daskarewa: asfirin ƙarami, miligiram 75 zuwa 100 a rana, ko clopidogrel miligiram 75. Wasu ana haɗa musu asfirin da rivaroxaban miligiram 2.5 sau biyu a rana, musamman bayan aiki, idan ba su da haɗarin zubar jini. Mai olsa ya faɗa tun farko. Baƙin bayan gida kamar kwalta, aman jini ko haɓon da ya ƙi tsayawa, a koma asibiti a ranar.

Na biyu mai rage kitsen jini, irin atorvastatin miligiram 40 zuwa 80. Ana ba da shi ko da gwaji ya nuna kitsen bai yi yawa ba, domin aikinsa ya haɗa da kare zuciya da ƙwaƙwalwa. Wannan wuri mutane ba su cika lura da shi ba: cushewar da ke ƙafa tana nan a sauran jijiyoyi, kuma bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki su ne suka fi kashe masu wannan ciwo, ba ƙafar ba.

Sai na hawan jini, inda galibi ake neman a sauka ƙasa da 130/80, da na suga, inda ake duba gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na watannin baya, duk wata 3, ana neman kusan kashi 7 cikin ɗari ga yawancin mutane. Akwai cilostazol mai ƙara nisan tafiya kafin ciwo ya taso, amma ba a ba mai gazawar zuciya.

Waɗannan magunguna ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana 3 a ajiye. Da kwali ya ƙare sai a sayo wani. Abin da na fi gani yana lalata jinya shi ne a ji sauƙi a daina, ko kuɗi ya yanke a yi shiru. Idan aljihu ya gaza, faɗa wa likita gaskiya ya nuna maka waɗanda ba a wasa da su. Sannan a guji haɗiyar diclofenac da ibuprofen ba bisa umarni ba, suna ƙara zubar jini a ciki idan sun haɗu da asfirin, suna kuma cutar da ƙoda. Kafin watan azumi a je a ga likita ya gyara lokutan sha, ya kuma faɗi ko jikin zai ɗauka.

Mataki na 5: Tsaron ƙafa, safe da yamma

Nan ne aikin gida yake, kuma nan muka yi kuskuren da har yau yake damuna. Ƙafar da jini bai ishe ta ba ba ta da abin warkar da ko ƙwarzanen ƙaya. Duk dabarar ita ce a hana raunin farko.

Cikin hunturu ne. Kawu ya ce ƙafarsa ta yi ƙanƙara, aka kawo masa kasko aka ajiye gaban kujera, ya miƙa ƙafa yana jan carbi har barci ya ɗauke shi. Da safe muka ga bororo a gefen ƙaramin yatsa, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Shi bai ma ji ba. Wannan bororon ne ya ci mana wata biyar na zirga-zirgar asibiti. Saboda haka: ba kasko, ba gashi da ruwan zafi, ba kwalbar ruwan zafi a cikin bargo, ba man zafi. Idan ƙafa ta yi sanyi, safar auduga ko ta ulu mai sakin baki da bargo mara nauyi sun isa.

Kowace rana a duba ƙafa a wuri mai haske: tafi, diddige, gefe, da tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba ya iya sunkuyawa ya ajiye madubi a ƙasa, wanda idonsa ya yi rauni ya sa ɗa ko jika. Ana neman tsagewa, bororo, ja, kumburi, ko wurin da launi ya sauya. Mata su haƙura da lalle a ƙafa, ja ko baƙi, don yana rufe ainihin abin da ake son gani.

Ruwan wanka da na alwala ya zama mai ɗumi kaɗan, a gwada shi da gwiwar hannu, ba da ƙafa ba. Kada a jiƙa ƙafa a baho. Bayan kowace alwala a tsane tsakanin yatsu da tawul mai laushi, domin danshin da ke kwana a nan sau biyar a rana shi ke sa fata ta jiƙe ta tsage. A shafa basilin a diddige da tafi saboda faso, amma kada ya shiga tsakanin yatsu. Wanda ke da ciwo a ɗaure, malamai sun yi bayanin shafa a kan bandeji, ya tambaya ya huta da kwance shi.

Ba tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida, ko daga ɗaki zuwa banɗaki. Silifas mai igiya tsakanin yatsu yana gurje fata, a bar shi. A nemi takalmi mai faɗin baki da laushin ciki, a saye shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a fara sa shi awa ɗaya ko biyu a rana. Kafin a zura ƙafa a sa hannu a laluba ciki, tsakuwa ko ƙarangiya guda ta isa. Harabar masallaci da azahar tana ƙona tafin ƙafa, haka ma dandamalin da rana ta gasa a ƙasa mai tsarki ga masu niyyar Hajji ko Umara. A ajiye takalmi kusa da ƙofa, a sa safa mai kauri.

Farce kuma: kada a miƙa ƙafa ga masu yankan farce na yawo, kada a sa reza a kankare kanta ko kirci. A goge farce da abin gogewa, a miƙe, ba a bi kwana ba. Idan ya yi kauri ko ya shige nama, aikin asibiti ne. Ƙaho, tsaga da sakiya a wannan ƙafa, ko wanzamin gidanku ne na gado, a ba shi haƙuri. Safar roba mai matsewa da ake ba masu kumburin jijiya ma ba ta wannan ciwo ba ce sai likita ya auna ya yarda.

Mataki na 6: Kwanciya da ciwon dare

Kada a ɗaga ƙafa a kan tulin matasai, jinin da ke lallaɓawa zuwa yatsu sai ya rasa ƙarfin hawa. A maimakon haka a ɗaga gadon ta wajen kai da bulo, kamar santimita 15, yadda ƙafa za ta ɗan gangara. Kwana a kujera yana rage zafi, amma yana kumbura ƙafa, kumburin kuma ya ƙara matse jinin. Wanda ya daɗe a kwance a kula da diddigensa, a sa siririn matashi a ƙarƙashin sha-raɓa don kada diddige ya danne katifa. Farasitamol ba ya cika isar wannan ciwo. Magunguna masu ƙarfi suna da wurinsu, daga hannun likita, ba daga teburin bakin kasuwa ba. Ainihin maganinsa dai shi ne a mayar da jini.

Mataki na 7: Tafiya, ga wanda ta halatta masa

Wanda ke gida na biyu, tafiya magani ce: ya yi tafiya har ciwon ya kai matsakaici, ya tsaya ya lafa, ya ci gaba, minti 30 zuwa 45, aƙalla sau 3 a mako, na tsawon mako 12 ko fiye. Wanda ke da ciwon dare ko rauni a ƙafa kuwa, ba ya fara wannan sai an gyara hanyar jini kuma likita ya ba da izini.

Mataki na 8: Idan rauni ya riga ya fito

A wanke da ruwan gishirin asibiti ko tafasasshen ruwa da ya huce, a rufe da gauz mai tsabta ba tare da ɗaurewa tamau ba, a daina taka wurin, a kai asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu. Kada a fasa bororo. Kada a zuba toka, baƙin mai, garin kafso, ruwan batir ko saiwa. 'Yan dubiya za su zo da shawara iri-iri, wani ya ce sammu aka taka, wani ya ce akwai mai magani a ƙauye kaza. A yi addu'a, a yi tofi, amma abin da zai taɓa naman ciwon ya fito daga asibiti.

Yatsan da ya yi baƙi ya bushe, a bar shi a bushe, kada a jiƙa, kada a ɓantare. Na koyi ɗaukar hoton ciwon da waya duk Juma'a, da ƙwandala a gefe don gwada girma. Ido yana sabawa da abin da yake gani kullum, hoto kuwa ba ya sabawa.

Mataki na 9: Aikin buɗe wa jini hanya

Hanyoyi biyu ne manya. Ta farko ba a yanka: a huda jijiya a matsematsi, a zura siririyar waya har wurin toshewa, a hura ɗan balan-balan ya buɗe ta, wani lokaci a bar ragar ƙarfe ta tokare wurin. Buɗe jijiya ta ciki ba tare da yanka ba a ƙafa aka fara shi, a 1964, tun kafin zuwan balan-balan, lokacin da likita Charles Dotter a jihar Oregon ta Amurka ya buɗe jijiyar wata tsohuwa 'yar shekara 82 da ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa. Ta biyu tiyata ce: a ɗauko doguwar jijiyar da ke cikin cinya zuwa idon sawu, ko bututun roba, a yi wa jini hanyar ratse ta kewaye wurin da ya toshe.

Wacce ta fi? Ya danganta da mutum. Wani babban bincike mai suna BEST-CLI da aka wallafa a 2022 ya nuna masu doguwar jijiya mai kyau sun fi dacewa da tiyatar ratse. Wani kuma na Birtaniya, BASIL-2 na 2023, ya nuna fara wa da balan-balan ya fi ga waɗanda toshewarsu ke ƙasa da gwiwa. Abin da ya rage gare ka shi ne tambaya: ina ne toshewar take, jijiyarsa ta isa a yi ratse da ita, zuciya da ƙoda za su ɗauki tiyata, nawa ne kuɗin gaba ɗaya har da magungunan bayan aiki, kuma yaushe za a dawo a sake hoto? Hanyar da aka buɗe tana iya sake rufewa, shi ya sa ba a tsallake ranar komawa.

Kawu balan-balan aka yi masa. Daren farko bayan aikin ya kwana a gado har aka kira assalatu.

Mataki na 10: Abubuwan da ba a jira gari ya waye

Ƙafa ta ɗauki ciwo mai tsanani farat ɗaya, ta yi fari ko shuɗi, ta yi sanyi ƙalau, ta mutu ko ta ƙi motsi: jini ya yanke gaba ɗaya, kuma naman ƙafa ba ya jure fiye da kamar awa 6. A nufi sashen gaggawa, kada a yi gashi, kada a yi tausa, kada a ɗaga ta. Haka nan idan ciwo ya fara wari, ruwa ko mugunya, ja yana hawa sama, ga zazzaɓi ko suga ya ƙi sauka. Haka nan ciwon ƙirji, karkacewar baki, sarƙewar magana ko mutuwar hannu.

Mataki na 11: Idan aka zo maganar yankewa

Kafin a sa hannu a takarda, sai dai idan ruɓa ta shiga jini ana tseren ceton rai, a tambaya ko an duba yiwuwar buɗe hanyar jini, kuma ba laifi a nemi ra'ayin likita na biyu. Idan amsa ta tabbata babu hanya, kada a gudu da maras lafiya gida. Jinkiri yana mayar da abin da yatsa zai biya ya koma ƙauri, na ƙauri ya koma cinya. Ceton gwiwa babban abu ne, wanda aka yanke wa ƙasa da gwiwa ya fi saurin koyon tafiya da ƙafar roba.

Bayan aiki kada a riƙa sa matashi a ƙarƙashin gwiwa, tana iya ƙagewa a lanƙwashe ta hana sa ƙafar roba. A fara motsa jiki da ma'aikatan gashin ƙashi tun a gadon asibiti. Jin ciwo ko ƙaiƙayi a yatsun da babu su abu ne sananne, ba aljanu ba ne ba kuma taɓin hankali ba, akwai maganinsa. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana da sashen haɗa ƙafar roba, a nemi takardar turawa idan dungulmin ya warke ya daina kumburi. Ɗaya ƙafar kuma yanzu ita ke ɗauke da nauyin duka, ga shi ciwon bai tsallake ta ba, sai a koma mataki na 5 a kanta.

Kawu ƙaramin yatsa ya rasa. Yanzu madubi yana jingine a ƙasan gadonsa, kuma jikarsa 'yar aji huɗu ce ke da aikin dubawa bayan sallar isha'i, da tocilan a hannu: "Kaka, ku buɗe yatsun, ban ga tsakanin na biyu da na uku ba."